Wa Ke Riƙe Da Alƙalami? Tarihin Fayil Ɗaya Mai Marubuta Da Yawa

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Bari in fara da abin kunyar da ya taɓa samuna. Shekarun baya akwai wani ɗan shafin intanet da nake taya wasu abokaina kula da shi, na rajistar masu neman horo. Ni ba ƙwararre ba ne, ɗan abin da na tsinta a jami'a ne da binciken dare. Sai shafin ya tsiro da wata ɗabi'a. Da rana lafiya lau, amma in ka buɗe shi da asuba sai ka gan shi fari fat, ko harafi ɗaya babu. In na share wasu fayiloli na sake kunna shi ya dawo, gobe kuma ya maimaita. Har aka fara zolayata wai aljanu ne ke kwana a ciki.

Ashe manhajoji biyu ne ke rubutu a fayil ɗaya. Ta farko ita ce mai nuna wa mutane shafin, tana aiki ne da wani ƙaramin asusu mai suna www-data. Ta biyu aikin dare take yi, ƙarfe 12 daidai ta tashi ta tura saƙonni, ni kuma don sauƙi na ɗora ta a kan root, wato asusun mai gida wanda babu ƙofar da ba ya buɗewa. Kowace rana sabon fayil ake buɗewa, kuma duk wanda ya fara rubutu a ciki shi ke zama mai shi. Ƙarfe 12 na bugawa mai aikin dare ta riga kowa, fayil ya zama na root. Da baƙon farko ya shigo, manhajar shafi ta zo rubuta layinta, a ce mata ba ki da izini, sai ta faɗi warwas. Wani abokina ya ce, "Kai malam, buga chmod 777 ka huta." Na buga, shafi ya dawo, na yi masa godiya. Washegari da asuba fari fat, don fayil ɗin jiya na gyara, na yau sabo ne.

Fayil ɗin da nake magana a kai masu sana'ar suna ce masa log. Rajista ce. Duk abin da ya faru manhaja na rubutawa a ciki layi bayan layi: wane ya shiga ƙarfe kaza, kalmar sirrin wane ba ta yi ba, kuɗin wane ya wuce. Ku ɗauke shi kamar littafin bashi a kanti mai yara uku. In kowane yaro na iya rubutu a ciki, to kowane yaro na iya yage shafi ko ya mayar da dubu biyar ta koma dubu ɗaya. In kuwa mai gida kaɗai ke riƙe da biro, duk ranar da ya tafi kasuwa bashin ranar ya ɓace. Wannan ƙulli ne masu kwamfuta suka kwashe sama da shekara sittin suna kwancewa, kuma duk sanda suka kwance wani gefe sai wani ya ɗaure.

Mu koma farkon shekarun 1960, jami'ar MIT a Amurka. Kafin lokacin mutum ɗaya kwamfuta ke yi wa aiki a lokaci guda, saura su bi layi. Fernando Corbató da mutanensa suka gina wani tsari mai suna CTSS, wanda aka fara nunawa a 1961, inda mutane da yawa za su zauna a gaban na'urorinsu suna amfani da kwamfuta ɗaya a tare. Da mutane suka yi yawa a gida ɗaya sai maganar kulle ta taso, a nan aka ba kowa kalmar sirri. Tun 1962 wani ɗalibin digiri na uku mai suna Allan Scherr, da yake awannin da aka ware masa a mako ba sa isarsa, ya nemi a buga masa fayil ɗin kalmomin sirri a takarda, aka kuwa buga. Sai bayan shekaru da yawa ya tona wa kansa asiri.

Amma abin da ya fi shafarmu wani ne daban. Wata rana a shekarun nan na 1960, ma'aikata biyu suna aiki a wuri ɗaya a cikin CTSS. Ɗaya yana gyara saƙon maraba da ke fitowa duk wanda ya shiga, ɗayan yana gyara fayil ɗin kalmomin sirri. Manhajar gyaran rubutun da suke amfani da ita an gina ta ne da tunanin mutum ɗaya ne zai yi aiki a wuri guda, don haka kullum suna ɗaya take ba fayil ɗinta na wucin gadi. Mutum biyu, fayil ɗaya. Rubutun ya sauya wuri. Duk wanda ya shiga kwamfutar, maimakon ya ga barka da zuwa, sai ya ga kalmomin sirrin kowa da kowa a jere. Babu ɓarawo, babu mugu, kowa aikinsa yake yi. Robert Morris da Ken Thompson sun kawo wannan labarin a takardarsu ta 1979 a kan tsaron kalmar sirri, a matsayin dalilin da ya sa bai kamata a ajiye ta tsirara ba.

Bayan CTSS sai MIT da kamfanin General Electric da Bell Labs suka haɗu a kan wani gagarumin aiki mai suna Multics. Shi Multics kowane fayil yana da jerin sunaye a jikinsa: wane ya karanta, wance ta rubuta, su wane kada su kusanto. Tsari mai kyau, sai dai aikin ya yi nauyi ya yi tsada, a 1969 Bell Labs ya janye. Ken Thompson da Dennis Ritchie suka koma kan wata tsohuwar ƙaramar kwamfuta, PDP-7, suka fara gina abin da ya zama Unix. Ƙaramar na'ura ba ta da wurin dogon jerin sunaye, don haka suka taƙaita abin iya taƙaitawa. A littafin jagorar Unix na farko, na Nuwamba 1971, kashi biyu kawai aka raba duniya: mai fayil, da sauran jama'a. Daga baya a cikin shekarun 1970 aka cusa kashi na uku a tsakiya, wato rukuni, 'yan gida ɗaya ke nan.

To a nan lambobin nan suka samo asali, ku biyo ni a hankali. Izini iri uku ne. Karantawa maki 4 ne, rubutawa maki 2, kunnawa maki 1. Mutane ma kashi uku: mai fayil, rukuninsa, sai kowa da kowa. Sai a tara wa kowane kashi makinsa. In ka ga 644, mai fayil na da 6, wato ya karanta ya rubuta, rukuni da jama'a kuma 4, ido kawai. In ka ga 640, jama'a ba su da komai. Shi kuwa 777 ɗin da abokina ya ba ni, ma'anarsa duk wani asusu da ke kan na'urar ya karanta, ya rubuta, ya kunna. Ba gyaran ƙofa ba ne, cire ƙyauren ne gaba ɗaya. Makunnai tara kacal, kuma har yau su ne ke gadin mafi yawan sabobin da intanet ke tafiya a kansu, da kwamfutocin Apple, da ƙasan wayar Android ɗin da ke hannunka.

Ni a ganina akwai giɓi ɗaya a wannan lissafin da ya haifi kusan duk rigimar da ta biyo baya. Makin nan 2 na rubutawa bai bambanta mai ƙara layi a ƙasa da mai goge na sama ba. Duk wanda ka ba izinin ƙari, ka ba shi izinin shafewa. Rajista kuwa amfaninta gaba ɗaya shi ne a ƙara kada a rage.

Abin dariya, wasa ne ya fara fito da wannan giɓin fili. Wajen 1970 a jami'ar Cambridge ta Ingila akwai wani wasan kwamfuta mai suna MOO, na cankar lamba mai harufa huɗu. Wasan yana ajiye jadawalin gwanaye a fayil ɗaya. Duk wanda ya buga, dole sakamakonsa ya shiga fayil ɗin, ke nan dole ya samu izinin rubutu. In ya samu izinin rubutu kuwa, me zai hana shi barin wasan ya buɗe fayil ɗin kai tsaye ya ɗora kansa a na ɗaya? Ku da kun san ɗalibai.

Dennis Ritchie ya fito da dabara. Ya ce a daina kallon mutumin da ya kunna manhaja, a kalli mai manhajar. Ya ƙara wani makunni, setuid, wanda in aka kunna shi a jikin manhaja, duk wanda ya tashe ta za ta yi aiki ne da ikon mai ita na ɗan wannan lokacin. Fayil ɗin maki ya zama na mai wasa shi kaɗai, ɗan wasa ba ya iya taɓa shi da hannunsa, sai dai ya bi ta cikin wasan. Kamar dai ka je banki ne, ba ka shiga ɗakin kuɗi, ma'aikaci ke shiga a madadinka ya yi iya abin da doka ta ce. A takardar da Ritchie da Thompson suka wallafa a 1974 sun ambaci matsalar MOO ɗin da sunanta. Har lasisin mallakar fasaha aka nema a kan dabarar a 1973, aka bayar a 1979, sannan aka sake ta kyauta ga kowa.

Sai dai an gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago. In manhajar ta root ce aka sa mata setuid, kuma akwai 'yar ɓaraka a cikinta, to duk wanda ya gano ɓarakar ya zama mai gida.

A watan Agustan 1986, a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a jihar Kalifoniya, aka ba wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll, wanda aka mayar sashen kwamfuta, wani ƙaramin aiki. A lokacin kuɗi ake cajin masu amfani da kwamfutar gwargwadon lokacin da suka ci, sai lissafin wata ya ƙi daidaita da santi 75. Ko dala ɗaya bai kai ba. Wani da ya cike daga aljihunsa ya wuce. Stoll ya bi sawu, ya tarar da wani asusu da ba wanda ya san wanda ya buɗe shi. Mai kutsen ya samu ikon root ne ta wata ƙaramar manhajar kwasar wasiƙu mai suna movemail, ta cikin GNU Emacs, wadda aka girka da setuid na root. Dabarar da aka ƙirƙira don kare fayil, ita ta buɗe gidan.

Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, abin da ya tona asirin shi ne cibiyar na da tsarin lissafi fiye da ɗaya, mai kutse ya bayyana a wani bai bayyana a wani ba. Na biyu, da Stoll ya gane mutumin nan ya zama root, ya san duk rajistar da ke cikin na'urar ta zama ajiyar nama a hannun kura. Sai ya bi ofis-ofis a ƙarshen mako ya kwaso firintoci da na'urori wajen hamsin, ya jona su a layukan wayar da ke shigowa, duk harafin da baƙon ya danna ya fito a takarda. Takarda ba ta san root ba. Wajen wata goma ana bin sawun, har aka dangana da birnin Hanoba a Jamus ta Yamma, wurin wani Markus Hess, wanda shi da abokansa ke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, abin da suka kwaso daga kwamfutocin sojan Amurka. A 1990 kotun Jamus ta same su da laifi. Stoll ya ba da labarin a littafinsa The Cuckoo's Egg na 1989, wanda ke jin Turanci ya neme shi.

A tsakanin waɗannan shekarun an yi ta ƙananan gyare-gyare. Unix na bakwai, na 1979, ya zo da umask, wani mataci da ke rage izinin duk sabon fayil tun daga haihuwa. Yawanci 022 ake sa shi, wato manhaja ta nemi 666, a cire wa rukuni da jama'a makin rubutu, a bar 644. Shi ya sa gyarana na 777 bai kwana ba. Sannan akwai matsalar da ba ta izini ba ce, ta cinkoso ce. Manhajoji biyu duk suna da izini, kowacce ta duba ina ƙarshen fayil, duka suka ga wuri ɗaya, ta biyu ta rubuta a kan ta farko. A farkon shekarun 1980 aka kawo hanyar buɗe fayil ta ƙari kawai, inda neman ƙarshen da rubutun ke zama taki ɗaya da ba mai shiga tsakani. Amma wannan ladabi ne manhaja ke zaɓa wa kanta, ba dole ba ne, wadda ba ta ga dama ba ta buɗe yadda take so. Unix ɗin jami'ar Berkeley na 1983, wato 4.2BSD, ya ba asusu ɗaya damar zama a rukuni da yawa lokaci guda. Daga nan aka samu hanyar da har gobe ake koyarwa: a buɗe rukuni ɗaya, a zuba duk manhajojin da ke rubutu a ciki, a sa wa babban fayil ɗin da ke ɗauke da rajistar alamar da ke sa duk sabon fayil ya gaji rukunin, a mayar da umask 002. Tana aiki. Sai dai har yanzu yara uku ne da biro uku a kan littafi ɗaya.

Wanda ya canza tambayar gaba ɗaya shi ne Eric Allman, shi ma a Berkeley. Yana gina Sendmail, manhajar da ta daɗe tana ɗauke da kaso mai yawa na imel ɗin duniya, a farkon shekarun 1980 ya haɗa mata wani ɗan abin taimako mai suna syslog. Tunanin mai sauƙi ne ƙwarai: a karɓe biro daga hannun kowa, a ɗauki magatakarda. Manhajoji ba sa taɓa fayil ɗin, ba su ma san inda yake ba. Kowacce ta miƙo saƙonta ta taga, ta faɗi daga wane sashe take, ta faɗi girman lamarin daga 0 zuwa 7, inda 0 ke nufin gida na cin wuta, 7 kuma surutun masu gyara ne kawai. Magatakarda shi kaɗai ke rubutawa, ya sa kwanan wata da lokaci. Mai miƙo saƙo na iya ƙarawa amma ba ya iya gogewa, abin da makunnan nan tara suka kasa bayarwa ke nan. Kuma ana iya tura saƙon zuwa wata na'ura daban ta hanyar sadarwa, firintar Stoll ke nan ba tare da takarda ba.

Abin ya karɓu har kusan kowace na'ura ta ɗauka, alhali babu wata rubutacciyar ƙa'ida. Sai a 2001 aka fitar da takarda mai lamba RFC 3164, ita ma ba doka ta kafa ba, bayanin abin da aka tarar mutane na yi ne. Ƙa'idar gaske, RFC 5424, sai 2009. Wajen shekara ashirin duniya na tafiya a kan al'ada zalla. Kuma magatakardan na da nasa rauni, yarda ta yi masa yawa. Duk sunan da mai miƙo saƙo ya faɗa shi yake rubutawa, wata manhaja na iya shigar da layin ƙarya da sunan wata. Saƙon da ke bi ta hanyar sadarwa kuma in ya ɓace a hanya ba mai sani. Sabon tsarin rajista na systemd da aka gabatar a Linux a 2011 ya toshe ta farkon, don shi ba ya tambayar mai saƙo sunansa, zuciyar tsarin yake tambaya wa ya aiko.

Saura matsalar cika. Rajista ba ta daina girma, in aka ƙyale ta sai ta cinye faifan gaba ɗaya. Don haka akwai wata manhaja, logrotate, da ke zuwa lokaci-lokaci ta ajiye tsohon littafi ta buɗe sabo. A nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa. Wa zai mallaki sabon? Da wace lamba? In ba ka faɗa mata daidai ba, ka shiga irin halin da na shiga. Ga kuma wani abin mamaki na Unix: manhajar da ta riga ta buɗe fayil ba ruwanta da sunansa, ko an canza masa suna za ta ci gaba da zuba rubutu a tsohon har sai an taɓo ta an ce ta sake buɗewa. Sai ka ga sabon fayil fayau, ka ɗauka lafiya ce ta sa babu rahoto.

Kada ku ɗauka 'yan koyo ne kaɗai. A 2016 wani mai binciken tsaro, Dawid Golunski, ya nuna wata ɓaraka a yadda Debian da Ubuntu suka shirya nginx, ɗaya daga manyan manhajojin da ke ɗauke da shafukan intanet. Babban fayil ɗin da rajistar nginx ke ciki an mallaka shi ga www-data. A Unix kuwa, wanda ke da izinin rubutu a babban fayil na iya cire duk abin da ke ciki ya sa wani, ko da abin ba nasa ba ne. Ke nan wanda ya kutsa ta wani shafi mai rauni ya zama www-data, zai iya cire rajistar ya sa wata alama mai nuni zuwa wani fayil mai hatsari na can cikin tsarin. Da lokacin juya littafi ya yi, ɓangaren nginx mai ikon root ya zo buɗe sabuwar rajista, ya bi alamar ido rufe, ya buɗe wancan fayil ɗin ya miƙa wa www-data. Daga ɗan aike an zama mai gida. Shekara talatin cif bayan movemail, kuma zubin labarin bai canza ba: babba ya sa hannu a wurin da ƙarami ke iya shiryawa.

Duk wannan a kan rubutu ne, ga kuma karatu, wanda ya fi shafar ni da ku kai tsaye. Masu gina manhaja na da halin zuba komai a rajista don sauƙin gano matsala, su manta su cire. A watan Mayun 2018 Twitter ya nemi masu amfani da shi, wajen miliyan 330, su canza kalmar sirri, saboda an gano tana shiga wata rajista ta cikin gida kafin a rufe ta. A Maris 2019 Facebook ya amsa cewa kalmomin sirrin ɗaruruwan miliyoyin mutane na ajiye tsirara a inda ma'aikatansa ke iya gani, a 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci kamfanin Meta tarar Yuro miliyan 91 a kan haka. Shi ya sa a Debian manyan fayilolin rajista 640 ne, ƙarƙashin wani rukuni mai suna adm, sifirin nan na ƙarshe ba ado ba ne. Wanda ya sa 777 ba rubutu kawai ya buɗe ba, ya shimfiɗa sirrin mutanen da suka amince da shafinsa a bakin titi. Wannan ɓangaren ne ya fi damuna da na waiwaya, don lambobin wayar mutane na cikin rajistar tamu.

Wayar Android ma ta bi ta wannan hanyar. Linux ne a ƙasanta, kuma masu ginin suka ɗauki tsohon tsarin Thompson da Ritchie suka juya shi: maimakon kowane mutum ya samu asusu, kowace manhaja ce ke samun nata, don kada ta leƙa kayan maƙwabciyarta. Amma rajistar wayar ɗaya ce ga kowa, kuma a farko duk manhajar da ta nemi izini ana barinta ta karanta duka, har da abin da sauran suka zubar a ciki. Sai a Android 4.1, a 2012, aka rufe wannan, kowace manhaja ta koma ganin layukanta kaɗai.

Ni kuwa tawa matsalar, a ƙarshe layi ɗaya ne ya warware ta. Na sauke mai aikin dare daga root na mayar da ita www-data, tunda dama ba ta da abin yi da ikon mai gida, ƙiwa ce ta sa na ba ta. Fayil ya koma 640. Daga baya da muka ƙara manhaja ta uku, ban sake ba kowa fayil ba, duka na tura su wurin magatakarda. Abokin nawa har yau in muka haɗu sai ya ce ai dai nasa maganin ya yi aiki, ni kuma in ce masa ƙwarai, na awa goma sha takwas.